Me za mu kira malapropism da Hausa?

Jama'a, ina shirya darasi kan wasannin barkwanci na Ingila, sai na maƙale a kalma ɗaya: malapropism.

Asalinta sunan wata dattijuwa ce, Mrs Malaprop, a wasan The Rivals na Richard Brinsley Sheridan, wanda aka fara nunawa a dandalin Covent Garden da ke Landan ranar 17 ga Janairu 1775. Daren farko bai yi armashi ba. Aka janye shi, Sheridan ya rage masa tsawo, aka sauya ɗan wasa guda, ranar 28 ga watan ya dawo ya karɓu. Jane Green ce ta fito a matsayin dattijuwar, mace mai tinƙaho da iya magana, amma duk babbar kalmar da ta miƙa hannu ta ɗauko, sai ta cafko mai kama da ita a kunne. Za ta ce wani ya kai ƙololuwar ladabi, sai ta kira shi abarbar ladabi, don a Turanci kalmomin biyu sun yi kusa da juna.

Wani malamina ya ce in sa "suɓutar baki". Allah ya gafarta Malam, ban gamsu ba. Wanda bakinsa ya suɓuce ya san daidai, nan take zai gyara, har da jin kunya. Ita kuwa ba ta san ta kauce ba, gani take ta burge.

An kuma kawo "gwaranci". Wannan ban ma tsaya auna shi ba: akwai cin fuskar wata al'umma a cikinsa, kuma matar nan harshen uwarta take yi.

Mu ma muna da irin wannan, galibi a kalmomin da muka aro daga Larabci, don su ne rigar ado a bakinmu. Mutum ya tashi a taro zai ce muƙaddima, ya ce taƙaddama. Ko ya je gidan rasuwa zai yi ta'aziyya, ya ce ya zo ta'adi. Son a ce ya iya ne ya ja shi.

Shi ya sa na tsaya a kan "tuntuɓen iyayi". Tuntuɓe ya ɗauki kuskuren, iyayi ya ɗauki dalilinsa. Mai yi kuma, "mai tuntuɓen iyayi". Da shi zan shiga aji ranar Litinin, sai dai in wani ya kawo wadda ta fi ta zama a baki kafin nan.