Muhawara: Babban kifin roba zai iya kamo giwan ruwa a Madarunfa?

Laminu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Maganata ɗaya ce: mai son ƙaton kifi sai ya jefa masa ƙaton abu. A Amurka masu fatsar wani kifin tafki da ake kira bass sun daɗe da gane haka. Suna jefa kifin roba mai tsawon santimita 20 zuwa 30, wani ma da gaɓoɓi, in ana naɗe zare yana kaɗa wutsiya sai ka rantse mai rai ne. Ƙananan kifi ba su cika taɓa shi ba, wanda ya kawo baki galibi ƙato ne. Da za mu kai irinsa tafkin Madarunfa, giwan ruwan da ake cewa ya yi wuya sai mun gan shi.

Baba Ila: Wa alaikumus salam. Laminu, kifi da hanci yake cin abinci. Tarwaɗa tun daga nesa take jin tana ko hanjin kaza. Roba kuwa mi za ta ji a jikinta?

Laminu: Baba, Allah shi ƙara girma, ba tarwaɗa nake nufi ba. Ita a laka take laluben abinci da gashin bakinta. Giwan ruwa mafarauci ne, motsi yake bi, ya haɗiye kifi ɗungurungum. Halinsu ɗaya da bass.

Malam Nasiru: Laminu, ka ɗauko rabin labarin ka bar rabi. Wannan salon a kudancin Kalifoniya ya yi ƙarfi, kuma da dalili. A 1959 aka kawo bass irin na Fulorida, wanda ya fi girma, aka zuba a wani tafki na San Diyego, daga nan ya bazu. Su kuma hukumomi duk lokacin sanyi suna zuba kifin trout na kiwo a tafkuna irin su Castaic da Casitas don masu fatsa. Bass ya samu abinci mai maiƙo wanda bai san gudu ba, ya yi ta ci yana ƙiba. Da masu fatsa suka lura, sai suka sassaƙa abin da ya yi kama da trout ɗin, tsawo da launi da tafiya. Abin da ya ja bass shi ne kama da abincin da ya saba haɗiya kullum, girman ya biyo baya. Ga shi kuma ruwan can garau yake, kifi yana hango abu daga nesa. Namu fa? Da Gulbin Maradi ya kawo ruwan damina, hannunka ma ba ka gani in ka tsoma.

Laminu: Malam, kifi ba da ido kaɗai yake gani ba. Akwai layin nan da ya bi gefen jikinsa tun daga kai har wutsiya, da shi yake jin girgizar ruwa. Babban abu ya fi ture ruwa, don haka a ruwa mai duhu ma ya fi ƙarami sanar da kansa. Kuma ba sai na yi nisa ba: a tafkin Nasir na Masar da manyan kifayen roba da na katako ake kama giwan ruwa, har an taɓa fitar da wanda ya haura kilo 100.

Malam Nasiru: Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma Nasir ruwa ne mai zurfi da duwatsu, tsawonsa ɗaruruwan kilomita. Kuma ka duba manyan bass biyu da ke riƙe da kambin duniya. Na George Perry, 1932 a jihar Jojiya ta Amurka, da madaidaicin kifin katako ya kama shi. Na Manabu Kurita, 2009 a tafkin Biwa na Japan, kilo 10 da 'yan giram, da kifi mai rai ya kama shi. Ko ɗaya ba a kama da ƙaton roba ba.

Hajiya Rabi: Ni dai tambayata nawa ne kuɗinsa? Don mu masu suya mu ke jiran abin da kuka fito da shi.

Laminu: Hajiya, mai sauƙin yana kaiwa dalar Amurka 25 zuwa 30, wajen jika 15 na kuɗin sefa ke nan ko fiye. Waɗanda ake yi da hannu suna kaiwa ɗaruruwan daloli. Kuma yana da nauyi, sai da sanda mai ƙarfi da zare mai kauri.

Hajiya Rabi: To ka ji. Jika 15 a bakin ƙugiya guda, in ya maƙale a saiwar itace ya tafi ke nan. Su can wasa suke, su kama su ɗauki hoto su mayar ruwa. Masuncinmu in ya wuni bai kawo karfasa ko tarwaɗa ba, gidansa ba a ɗora tukunya. Na ji ma su kansu sukan yi kwanaki suna jifa ba ko taɓi.

Laminu: Haka ne Hajiya, sun yarda da hakan, kamu kaɗan ne amma manya. Sai dai giwan ruwa ɗaya mai kilo 20 ya fi kwandon ƙananan karfasa kuɗi, ke ma kin sani.

Sani: Ku gafarce ni, duk kuna gardama kan ƙugiya, ba wanda ya tambayi ko kifin yana nan. Tun da aka yi madatsar Jibiya gulbi ba ya kawo ruwa yadda ya saba, yashi kuma yana cike tafkin. Ga masu taru mai ƙananan ido suna kwashe 'ya'yan kifi tun ba su kai yatsa biyu ba. Giwan ruwa sai ya shekara da shekaru yana cin ƙanana kafin ya zama abin da Laminu ke mafarki. Ina zai samu shekarun, ina zai samu abincin? Abin nan yana ci mini rai ƙwarai.

Malam Nasiru: Sani ya taɓo wurin. Kuma a bass da giwan ruwa duka, mafi girma galibi mata ne, su ke zuba ƙwai mafi yawa. In dabarar Laminu ta ci, iyayen za ta tsince mana ɗaya bayan ɗaya.

Laminu: Amma Malam, kalli, ragar da ake shimfiɗawa a ruwa, da mamari, igiya mai ƙugiyoyi da yawa, ba sa zaɓe, komai suka samu sun riƙe. Fatsa ce kaɗai kake da ikon cire ƙugiya ka saki kifi da ransa. Ni ban janye ba. Abin da zan gyara shi ne siffar: a samo mai faɗin jiki da launin karfasa, kamar santimita 15, tunda ita giwan ruwanmu ya sani.

Baba Ila: To wanga zance ya fara shiga kunnena, ko da yake har yanzu na fi yarda da 'yar karfasa mai rai a bakin ƙugiya. In ka samo shi kada ka zo da damina. Ka bari sai bayan kaka ruwa ya kwanta, ka zo da asuba, ni zan tuƙa ka a jirgina zuwa wajen da ya fi zurfi. Ka fara zuwa wurin ma'aikatan gandun daji ka karɓi takardar izini. Sharaɗina kuma, in muka kama babbar mace za ta koma ruwa, ko Hajiya ta taya nawa.