Neman Shawara Kan Fankokin Katin Hoto Mai Sanyaya da Ruwa

Assalamu alaikum. Ina roƙon masana harkar kwamfuta su taimaka mini, domin na yi mako biyu ina fama da matsala guda.

Na cire fankokin da katin hotona (wato ɓangaren kwamfuta mai sarrafa hotuna da bidiyo) ya zo da su, na ɗora masa na'urar sanyaya da ruwa mai lagireto na milimita 240 da fankoki biyu masu fil huɗu. Na jona fankokin a babban allon kwamfutar, amma allon yana bin zafin CPU (wato ƙwaƙwalwar kwamfutar) ne kawai, ba na katin ba, saboda haka idan aiki ya yi wa katin nauyi, zafinsa yakan haura digiri 80 alhali fankokin suna juyawa a hankali. Jiya da rana na taɓa lagireton, sai da na janye hannuna.

A jikin katin akwai ƙaramin soket mai fil huɗu, wanda tsofaffin fankokin suke amfani da shi. Shin zai ɗauki manyan fankoki biyu na bolt 12 ba tare da ya ƙone ba? Abin da na fi karkata gare shi shi ne in ɗauko wutar daga wayar SATA (mai fitowa daga akwatin wutar kwamfutar), in bar wa katin aika siginar PWM (mai daidaita saurin juyawar fankoki) kaɗai, amma ina fargabar kuskuren haɗa wayoyin, kuma ba ni da halin sayen wani katin.

Shi kuma famfon da ke zagaya da ruwan na'urar, in bar shi yana gudu da cikakken ƙarfi koyaushe? Na gode.