Don Allah masu harkar hoto ku taimaka, na kasa gane wacce kyamara ta fi

Salam 'yan uwa, ina ɗaukar hoton biki nan Kaduna, yawanci Tudun Wada da Unguwar Sanusi. Canon 700D nake amfani da ita, wani abokina kuma yana so ya sayar min da Nikon D5300 ɗinsa, ya ba ni aro na kwana uku in gwada.

To wallahi kaina ya kulle. Na je wurin shaƙatawa na Gamji da yamma na ɗauki bishiya ɗaya da kowacce, lenis (gilashin gaban kyamara) 18-55 duka, ISO (saitin da ake ɗagawa in haske ya yi ƙaranci) 400, amma da na buɗe a kwamfuta na zuƙo hotunan 100 bisa 100 sai na ga na Nikon ya fi yashi-yashi, abokin nawa ya ce ai rashin adalci ne tunda tasa megafiksel (ma'aunin yawan ɗigon hoto) 24 ce tawa 18, dole hotonsa ya fi girma a sikirin, wai sai na rage shi ya dawo daidai da nawa tukuna. Shin haka ne ko dai wayon ɗan kasuwa yake min?

Sannan a JPEG na ɗauka, wato hoton da kyamara ta riga ta sarrafa, kuma kowacce kyamara tana gyara kala da kaifi da kanta, fatar mutum a Canon ta fi min kyau gaskiya. RAW zan koma, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta gyara ba? Kuma a hannu na riƙe, rana ma tana ta faɗuwa tsakanin ɗauka da ɗauka.

Ni damuwata cikin holin biki ne da daddare, ISO 3200. Yaya zan gwada? Jibi zan mayar masa.