KASAN na kama min sakin memori sau biyu a free_bprm, ina kuskuren yake?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum. Kwana uku ke nan ina fama da wannan. Ina rubuta ɗan modul a kenel na Linux 6.1, ina gwaji cikin QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta. Aikinsa kamar na binfmt_script ne, sashen kenel mai kula da fayilolin da ke farawa da #!: idan aka kira execve (kiran da ke tayar da manhaja) a kan fayil mai wata alama a farkonsa, sai ya miƙa shi ga manhajar da za ta fassara shi. Idan manhajar tana nan, lafiya lau. Amma jiya na goge ta da gangan don in ga yadda zai yi, sai KASAN, mai gano kurakuran memori a kenel, ya cika min allo da jan kunne, wai an saki memori ɗaya sau biyu, kuma yana nuna free_bprm a fs/exec.c, wurin da ban taɓa ba.

Ga abin da na yi: na ɗauko sunan manhajar da kstrdup, na sa shi a bprm->interp, na kira open_exec. Idan ya gaza sai in yi kfree a kan sunan in fita. Ni na karɓo memorin, ba ni ya kamata in mayar ba?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kuskuren yana kan kfree ɗinka. Daga lokacin da ka ɗora manunin a bprm->interp, ya fita daga hannunka, ya zama na bprm, wato tsarin da kenel ke ajiye bayanan execve a ciki, wanda free_bprm ke sharewa a ƙarshe. Buɗe free_bprm ka duba da idonka: yana gwada ko interp ya bambanta da filename, idan ya bambanta sai ya sake shi. Kai ka saki, ka bar manunin yana nuna wurin da aka riga aka mayar, shi kuma ya zo ya ƙara saki. Shi ya sa sunansa ya fito a rahoton alhali laifin na modul ɗinka ne. Karanta rahoton har ƙasa, akwai sashen da ke faɗin wanda ya fara sakin, za ka ga aikinka a can.

Kada ma ka taɓa interp da hannu. Akwai bprm_change_interp, an tanade shi don wannan: yana sakin tsohon suna idan akwai, ya kwafi sabo. Haka binfmt_script yake yi, idan open_exec ya gaza sai ya mayar da lambar kuskuren kawai, bai saki komai ba.

Kuma kana da matsala ta biyu da ba ka gani ba tukuna. Idan fayil mai #! ne ya kai ga naka, an riga an canza interp sau ɗaya. Ka rubuta a kansa, wancan sunan ya ɓace ba mai mayar da shi. KASAN ba zai ce uffan a kan wannan ba, aikin kmemleak ne, mai gano memorin da aka karɓa ba a mayar ba.

Ɗan Koyo:
Malam, Allah ya saka da alheri. Na duba, sunan aikina ne kuwa a wurin sakin farko. Na koma bprm_change_interp, jan kunnen ya tafi. Na kuma mayar da tsohon rubutun, na rubuta scan a /sys/kernel/debug/kmemleak, sai ga sunan nan yana zube, kamar yadda ka ce.

Maman Hanifa:
Madalla. Amma ƙanena, goge fayil hanya ɗaya ce kawai ta gazawa. Ni abin da ya taɓa cin min mako guda shi ne hanyar da kmalloc ya dawo da NULL, wadda ba ta faruwa a gwajin yau da kullum. Ka kunna CONFIG_FAILSLAB, wanda ke sa karɓar memori ta gaza da gangan. Ka tabbata ka mayar da ignore-gfp-wait zuwa N, in ba haka ba ba zai taɓa karɓar memori ta yau da kullum (GFP_KERNEL) ba, ka ɗauka ka tsira. Na fi son /proc/self/fail-nth, domin kana iya cewa karɓa ta farko ta gaza, sai ta biyu, sai ta uku, har ka bi kowace hanyar fita ɗaya bayan ɗaya.

Tsohon Hannu:
Gaskiya ce, Hajiya. In ƙara ɗaya: ranar da za ka fara loda manhajar da kanka irin yadda binfmt_elf, mai loda manhajojin Linux na yau da kullum, yake yi, ka kula da begin_new_exec. Kafin shi, gazawa na komawa wa mai kira a matsayin kuskure. Bayan shi babu komawa, tsohon memori ya tafi, idan aka gaza kenel zai kashe aikin da ke gudana da siginar SIGSEGV. A cikinsa ne ake mayar da bprm->mm zuwa NULL don kada free_bprm ya yi mmput, wato ya saki, abin da ya riga ya zama na sabon aikin. Duk binciken kan fayil ka gama shi kafin ka kira shi.

Ɗan Koyo:
Na gode muku. fail-nth ya riga ya fito min da wata: ban duba abin da bprm_change_interp ya dawo da shi ba. Ina gyarawa yanzu, gobe zan liƙa rubutun a nan ku ƙara duba min.