Na tsinci tsofaffin mujallu a adakar Baba, gara ta fara ci

Ɗan Birni: Salamu alaikum. Bayan sadakar arba'in ɗin mahaifinmu muka buɗe adakarsa ta ƙarfe. Shi malamin lakwal ne, ya yi koyarwa a Mirriya da Magariya. A ƙarƙashin rigunansa na tarar da kofi tara na mujallar Présence Africaine ɗaure da tsumma. Uku gara ta shiga ta ƙasa ta cinye gindin shafuka, har akwai wata waƙa da baitin ƙarshenta ya tafi. Ya ja layi da biki ja a wurare da dama. Har yanzu ana buga ta kuwa? Kuma me ya hana mu samu irinta da Hausa?

Malam na Zangu: Allah ya jiƙan Baba. Dukiya ka tsinta, ɗana. Alioune Diop ɗan Senegal ne ya kafa ta a Paris a 1947, a 1949 ya ƙara da gidan buga littattafai. Su suka shirya taron marubuta baƙar fata na 1956 a Sorbonne, kuma su suka buga wa marubucinmu na Nijar Boubou Hama littattafai. Da Diop ya rasu a 1980 matarsa Christiane ta riƙe gidan, shi ya sa gidan bai mutu ba. Irin wannan mujalla ba gwaninta kaɗai ke raya ta ba, sai an samu mai taurin kai guda. Dubi mujallar adabi ta Turanci, Paris Review: George Plimpton ya riƙe ta tun 1953 har ya bar duniya a 2003.

Maman Biyu: Malam, marubuta ba su yi mana kaɗan ba. Mata nawa ke sayar da labari a WhatsApp, dala ɗari a sa ka cikin gurup? Abin da babu shi ne mai tacewa, wanda zai ce wannan bai nuna ba, koma ki gyara.

Ɗan Birni: Gaskiya ne Hajiya. Muna ɗalibai mun gwada fitar da mujalla a fadarmu, shafi takwas na fotokopi. Fitowa biyu muka yi, kuɗin suka ƙare a shayi da sukari.

Malam na Zangu: Kafin komai, fitar da mujallun Baba daga ɗakin ƙasar nan. Kakkaɓe, ka shanya a inuwa ba a rana ba, ka ɗauki kowane shafi hoto da waya. In ka shigo Kasuwar Dole ran Alhamis, zo mini da mai jan layin nan in gani.