Wanda bai ƙware a iyo ba, zai iya shiga jirgin roba a kwazazzabon Batoka?

Baƙon Ruwa ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa yin abin da kansu. A watan Oktoba aiki zai kai mu Livingstone a Zambiya, kuma abokan aikina su biyar sun ware rana guda don tuƙin jirgin roba a Kogin Zambezi, cikin kwazazzabon Batoka da ke ƙasan magangarar Biktoriya. Sun sa sunana. Raina yana so ƙwarai, don tun ina yaro ruwa mai gudu yake burge ni. Amma iyon da na iya na kwamin ninkaya ne, in je bango in dawo numfashi ya ƙare. Shekarata 41, ina sa tabarau, ban taɓa riƙe filafili ba. Jiya da dare na ga wani bidiyo, igiyar ruwa ta ɗaga jirgi tsaye ta kifar da shi, mutum takwas suka watse kamar an watsa tsaba. Barci bai zo mini da wuri ba.

In mutum ya faɗa ruwa irin wannan, me ake so ya yi? Iyo ne ke fid da shi ko rigar ceto? Batun kada fa?

Mai Filafili ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Sau biyu na sauka Batoka, kuma na faɗa ruwa a can, don haka abin da jikina ya gaya mini zan faɗa maka.

Ka fara sanin inda za ka. Ana auna wuyar gangarar kogi, wato inda ruwa ke gudu da ƙarfi a kan duwatsu, daga mataki na 1 zuwa na 6. Na 1 ruwa ne mai ɗan motsi, na 3 yana jiƙa mutum sharkaf ya girgiza shi, na 6 kuwa ba a kai baƙo ko kusa. Batoka na da 'yan mataki na 5 da dama. Daga wajen Agusta zuwa Disamba ruwa yana ja baya, a lokacin ne ake farawa tun daga gangara ta 1, daf da gadar nan da aka gama a 1905 wadda ta haɗa Zambiya da Zimbabuwe. Gangarorin lamba gare su. In kun iso ta 9 kowa zai fita ya zaga ta kan duwatsu da ƙafa, ba gardama.

Ni ta 18 ce ta kayar da ni. Igiyoyin ruwa uku ne a jere, ta ukun ce mai kifar da jirage. Mun haye ta farko, mun haye ta biyu, sai matuƙi ya daka tsawa cewa mu duƙa. Muka tsuguna a cikin jirgi, kowa ya damƙe igiyar da ke ɗaure a gefen jirgin. Na ɗaga ido na ga bango na farin ruwa ya fi mu tsawo, daga nan sai duhu mai kore-kore, ƙarar duk ta ɗauke. Rigar ta cillo ni sama, hular kwanona ta bugi wani abu mai taushi. Ashe ƙarƙashin jirgin nake. Akwai iska a wurin in jirgi ya kife, na shaƙa sau ɗaya, na bi robar da hannu ta gefe guda har na fito. Ka riƙe wannan: gefe guda za ka zaɓa ka bi, kada ka yi ta komawa da baya. Da na fito ma igiyoyi ba su bar ni ba. Numfashi sai a cikin kwari tsakanin igiya da igiya, in ta taso ka rufe baki ka juyar da fuska.

Amma duk wannan ba shi ne ya kusa cutar da ni ba. Da ruwa ya ɗan lafa ya tura ni wajen gaɓa, yatsan ƙafata ya taɓa dutse. Nan take zuciya ta ce in miƙe tsaye, tun da ga ƙasa. Na sauke ƙafa ɗaya ke nan, mai ƙaramin kwale-kwalen ceto, wato kayak, ya iso yana ihu yana nuna sama da hannu. Na ɗage ƙafar, na kama bayan kwale-kwalensa ya ja ni.

Daga baya ya zana mini a kan yashi da yatsa. Ƙasan kogi tarin duwatsu ne masu tsagi. In ka tsaya a ruwa mai gudu, idon sawu ya shige tsagi, ruwa zai tura ƙirjinka gaba ka faɗi ruf da ciki, ƙafa a maƙale, ruwa na bi ta kan ƙeyarka. Rigar ceto ba ta iya ɗaga ka a haka. Ruwan da bai wuce cinya ba ya isa ya yi wannan aikin. Ruwa abu ne mai nauyi, wanda zai cika akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe tan guda ne, kuma in gudunsa ya ninka biyu, ƙarfin turinsa ninkawa huɗu yake yi. Ba ƙarfin ɗan Adam da zai ja da shi.

To ga amsarka. Ka kwanta rigingine, ƙafafu a gaba wajen da ruwa ya nufa, yatsu suna leƙowa saman ruwa, gwiwa a ɗan lanƙwashe don ka tokare dutse da tafin ƙafa. Kada ka miƙe sai ruwa ya tsaya cik ko ya gaza gwiwa. Gwanin iyo da ya firgita ya fi shiga haɗari a kan kai in ka natsu ka yi haka.

Tabarau ka ɗaure shi da zare ta baya. Batun kada kuwa, akwai su, galibi ƙanana, a wuraren da ruwa ya kwanta. Kar ka yi tsalle cikin ruwa don jin daɗi sai matuƙi ya ce nan ne wurin.

'Yar Tsauni ta rubuta:

Malam Mai Filafili, maganarka a kan miƙewa gaskiya ce ɗari bisa ɗari, amma ina ganin ka sauƙaƙa masa abin da yawa. Farin ruwan nan kumfa ce, iska ta cika shi, ba ya ɗaukar riga yadda ruwa zalla yake ɗauka, shi ya sa mutum kan daɗe a ƙasa fiye da yadda ya zata. Kuma akwai inda rigingine ba ya isa. In matuƙi ya nuna maka gefe, dole ka juya ka yi iyo da ƙarfin tsiya kafin gangara ta gaba ta same ka, ko kafin ka faɗa cikin rassan itacen da ya faɗo kogi, wanda ruwa ke wucewa ta cikinsa ya bar mutum a manne. Ni da ƙanena ne, sai in ce ya fara da kogi mai mataki na 3, ko ya ɗauki tuƙin rabin yini a Batoka.

Ba kuma wanda ya ambaci fitowa. Kwazazzabo rami ne, bangonsa ya haura mita 100, wani wurin ya fi haka nesa. Oktoba shi ne watan da ya fi zafi a can, kuma bayan wunin tuƙi akan hau da ƙafa. Na ga ƙarti suna zama a kan dutse suna haki. Mai ciwon zuciya ko asma ya gaya wa matuƙi tun a sama.

Ga masu zuwa ƙananan kwazazzabai na tsaunuka kuma, ku ji tsoron ruwan saman da ba ku gani ba. Ana iya yin rana tarwai a kanku alhali hadari ya zuba a can sama. A ranar 27 ga Yulin 1999 ambaliya ta rutsa da masu bin kwazazzabon Saxeten kusa da Interlaken a Suwizalan, mutum 21 suka rasu. In ruwa ya fara komawa ja, ƙirare da ganye suna zuwa, ku hau tudu nan take.

Tsohon Matafiyi ya rubuta:

Ƙari kaɗan a kan zagayen gangara ta 9. A 1869 John Wesley Powell, wani Ba'amurke mai binciken ƙasa, mai hannu ɗaya, ya tashi da mutum 9 cikin jiragen katako 4 ya ratsa babban kwazazzabon Kogin Kolorado a Amurka. Wurare da yawa sauke kaya suka yi, suka zura jiragen da igiya daga gaɓa. Don haka ɗan'uwa, in ka ga gangara zuciyarka ba ta kwanta ba, ka tambayi matuƙi ko akwai hanyar ƙafa. Wasu suna da ita.

Batoka kuwa sai a 1981 aka fara saukar ta da jirgin roba, kuma an daɗe ana shirin gina madatsar lantarki a cikinta. Abin yana damuna, don mun ga yadda madatsar Bujagali ta shanye gangarorin Nilu kusa da Jinja a Yuganda.

Baƙon Ruwa ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya 'Yar Tsauni, na ji shawararki, na rabin yini zan ɗauka. Saura mini mako bakwai, zan riƙa zuwa kwami da rigar ceto ina gwada rigingine da juyawa har jiki ya saba. Tambaya ɗaya ta rage: in na faɗa ruwa aka jefo mini igiyar ceto, in naɗe ta a hannu don kar ta kuɓuce?

Mai Filafili ya rubuta:

A'a, ko kusa. Ba a naɗe igiya a hannu, ba a ɗaura ta a jiki. In ta tsuke a ruwa mai gudu ba za ka iya kwance ta ba, ƙasa za ta ja ka. Igiyar a cikin jaka take zuwa. Igiyar za ka kama, ba jakar ba, don in ka kama jakar sauran igiyar zai yi ta warwarewa kana tafiya. Ka riƙe ta da hannu biyu a ƙirji, ta bi ta kan kafaɗarka, kana rigingine, ƙeyarka na fuskantar mai ja. Haka ruwa zai bi ta bayan kanka ya bar maka wurin numfashi.

Kafin ku sauka rami kuma, ka sa wani ya kama kafaɗun rigarka ya ja sama da ƙarfi. In ta taso ta taɓa kunnenka, ba ta ɗauru ba, a ƙara tsuke ta. Da waɗannan kafaɗun ne za a ɗago ka a mayar da kai cikin jirgi.