Musayar waƙa: Felisita biyu, Yulaliya biyu

Baba Katikis:
Salama gare ku. Maudu'in makon nan takwarori ne, tsarkakan mata na farkon ikilisiya masu suna ɗaya. Ƙwar biyu, amsa-amo "ta". Na buɗe fage.

Ku taho mu yabi shahidar Kartaj ta arewacin Afirka,
Baiwa ce, sunanta Felisita.

A 203, zamanin Sarki Seberus,
Aka tsare ta da cikin wata takwas a jikinta.

Dokar Rum ba ta kashe mai juna biyu,
Don ta yi shahada da 'yan'uwa ta roƙi Ubangiji ya sauke ta.

Ta haifi mace a cikin kurkuku,
'Yar'uwa cikin bangaskiya ta ɗauke ta.

Bakwai ga Maris, ita da abokiyar shahadarta Perpetuwa,
A filin wasa muguwar saniya ta kayar da ita.

Takobi ya ƙarasa abin da ya saura,
Jego ko sati bai yi ba gare ta.

Ɗan Maraɗi:
Baba, da girma, ka tsallake babba,
Ta birnin Rum ai ita ce yayarta.

Gwauruwa mai 'ya'ya maza bakwai,
Duka aka kashe su, ba ta sauya maganarta.

Taka ɗaya ta haifa ta bar wa wasu,
Tawa bakwai ta miƙa da hannunta.

Gwaggon Wusasa:
Kai ɗan nan, naƙuda ba lissafi ba ce,
Wanda bai durƙusa ba bai san zafinta.

"Tun yanzu kina kuka? Ina ga ranar dabbobi?"
Haka mai gadin kurkuku ya tsokane ta.

Ta ce yau ni kaɗai ke shan wahala,
Ran nan akwai Wani cikina mai ɗaukar ta.

Ta Kartaj, shaidun gani suka rubuta,
Taka, labari ya zo an daɗe da binne ta.

Uwa da bakwai? Buɗe Makabiyawa na biyu,
Sura ta bakwai, can za ka ga kamanninta.

Mai Zumunta:
Ayyururui! Gwaggo ta rufe kasuwa, kowa ya naɗe tabarmarsa.

Ɗan Maraɗi:
Ku dai 'yan Zariya ba kwa ganin laifin juna.

Gwaggo, ban durƙusa ba, na yarda,
Amma kabari ba ya ƙarya, je ki ziyarta.

A hanyar Salariya a Rum aka sa ta,
Fafaroma Giregori ya yi wa'azi a kanta.

Ashirin da uku ga Nuwamba ake tuna ta,
Ke kin fi Fafaroma sanin darajarta?

Malam Mai Aruli:
Ni ba ɗan coci ba ne, kari ya kawo ni. Baba Katikis, Allah ya ƙara girma, wa ke rera 203? In ka warware shi ɗari biyu da uku, ɗangon ya kai tsawon layin gidan mai. Sannan ku duba "ta" ɗin nan taku: sauke ta, ɗauke ta, binne ta. Wannan amsa-amon ragwaye ne, jaririn goye ma zai iya.

Baba Katikis:
Malam, ba da sikeli muka zo coci ba,
Waƙar sujada murya ke daidaita ta.

Malam Mai Aruli:
"Daidaita ta." Ka gani? Ko a wurin kare kanka sai da ka sake.

Gwaggon Wusasa:
Malam, tunda ƙafar kowa ta karye a idonka, ajiye mana baiti ɗaya mu ga taka ƙafar.

Malam Mai Aruli:
Hajiya Gwaggo, alƙali ba ya shiga kokawa.

Gwaggon Wusasa:
Wace Hajiya? Urushalima ma ban je ba tukuna.

Autan Barsa:
Sai yanzu na samu data, ku yi haƙuri iyayena. Ku bar Felisita ta huta.

Yulaliya ta Barcelona nake yabo,
Shekara goma sha uku ne duka rayuwarta.

Manyan agwagi farare sha uku,
Suna harabar babban cocin birni don tuna ta.

Sha biyu ga Fabrairu garin ke biki,
Gari mai ƙwallo, gari mai shahida, wa ya kai ta?

Ɗan Maraɗi:
Auta, ƙanena, zauna ka sha karatu,
Yulaliya ta Merida ta Sifen ce tushen labarinta.

'Yar sha biyu, zamanin Sarki Diyokiletiyan,
Ta je gaban alƙali da ƙafarta.

Mawaƙi Furudentiyus ya ce farar kurciya
Ta tashi sama daga cikin bakinta,

Ƙanƙara ta sauko ta lulluɓe gawa,
Goma ga Disamba ita ce ranarta.

Masana da yawa sun ce mutum ɗaya ce,
Barcelona ta ara, cin bashi al'adarta.

Autan Barsa:
Yaya, wannan ɗan Madrid ne ke magana, ba ɗan ikilisiya ba.

Merida wace ƙungiya gare ta?
Ko kofin shayi ba mu ji ta ɗaga a tarihinta.

Mai Zumunta:
Auta, bari in gaya maka gaskiya, an ci ka biyu da nema.

Baba Katikis:
'Ya'yana, muna zancen waɗanda aka kashe saboda bangaskiya, kun kai mu gidan kallon ƙwallo. Saura Anastasiya ta Sirmiyum da ake tunawa ranar Kirsimeti, ita ma tana da takwara a Rum. Wa zai ɗauka?

Gwaggon Wusasa:
Ban gama da ɗan Maraɗi ba, Baba, jikoki ne suka riƙe ni.

Ban ce ba a yi ta ba, ban rushe kabari ba,
'Ya'ya bakwai ɗin nan nake tambaya, wa ya ce nata?

Giregori ya zo bayan ƙarni huɗu,
Abin da ya tarar ya karanta, bai gan ta.

Malam Mai Aruli:
"Bai gan ta" ba Hausa ba ce, Gwaggo, kin haɗiye "ba" don amsa-amo ya fita. Auta kuma, ɗangonka na ƙarshe ya fi wanda ya gabace shi da gaɓa biyar, na ƙirga da yatsa.